Ba Son Jiki Ba Ne: Nasiha Ga Magidanta Da Iyayen Miji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Nasihar yau tamu ce mazauna karkara, daga ƙauyukan Gaya da Wudil har zuwa Ringim da Jahun. A gidaje da dama akwai matar da aka riga aka yanke wa hukunci ba tare da an saurare ta ba. An ce son jiki ne da ita. Duk wata sai ta kwanta, ranar girkinta ta wuce abokiyar zama ce a bakin murhu, uwar miji kuma tana daga zaure tana cewa, "Mu ma haka muka yi ta ganin wata, ba mu fasa daka ba." Iya, Allah Ya ƙara girma, amma ba kowane ciwon mara ne irin naki ba.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira adenomyosis. Shimfiɗar da ke cikin mahaifa, wadda take zubewa duk wata ta zama jinin al'ada, ita ce take kutsawa cikin naman bangon mahaifar. Idan wata ya yi, can cikin naman ma sai ta kumbura ta yi jini, ga shi babu hanyar fita. Sai mahaifa ta yi kauri ta yi nauyi, mara ta riƙa murɗawa kamar ana naƙuda, jini ya yi ta zuba har da gudaji, wani lokaci ya zarce mako. Ba sabuwar cuta ba ce, tun 1860 wani likitan ƙasar Ostiriya mai suna Rokitansky ya bayyana ta. An fi ganin ta ga matan da suka haura 35 zuwa wajen 50, musamman waɗanda suka haihu ko aka taɓa yi musu aiki a mahaifa, amma tana kama masu ƙarancin shekaru ma. Sau da yawa tana lafawa idan mace ta daina al'ada gaba ɗaya. To amma kafin nan shekara nawa za ta yi tana cije leɓe?

Ku dubi yadda abin yake daga kusa. Mace ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Ta soya gyaɗa, an kai inji an dawo, ta durƙusa za ta matse mai, sai ta ji jini ya ɓalle. Ta shiga ɗaki ta canza ƙunzugu, kafin mai ya fito ta sake jiƙewa. Ta wanke tsummokaran, ta shanya su a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa. Ranar kasuwa ta zo babu abin kaiwa, zubin adashe ya wuce ta, uwar adashe ta aiko sau biyu. A gidan biki ba ta yarda ta zauna a kan tabarmar mutane, don tsoron abin da za ta bari idan ta tashi. A hankali ta daina zuwa suna, ta daina zuwa Islamiyya, sai aka ce girman kai ne ya same ta.

Jinin da ke zuba haka yana ƙarar da jinin jiki. Shi ya sa za ka ga tafin hannunta ya yi fari, jiri na ɗibar ta a bakin rijiya, zuciya na bugawa daga ɗaukar tulu ɗaya, wata har ta koma kwaɗayin farar ƙasa. Ga rashin barci saboda ciwo. Ga kwanciyar aure da ta zame mata azaba, maigida kuma ya ɗauka ƙi ne, ya fara zancen ƙaro wata. Wanda aka haɗa wa ciwo da talauci da zargi, yaya zuciyarsa ba za ta karye ba? Matan da ke fama da wannan cuta damuwa da ƙuncin rai sun fi kama su, wata ta riƙa kuka ita kaɗai, wata ta zama mai saurin fushi da 'ya'yanta. Daga nan sai mu yi tsalle mu ce aljani ne ya aure ta, ko kishiya ce ta yi mata sammu. Idan cikin ya ɗan tasa saboda kumburin mahaifa, a ce ciki ne ya kwanta, a shiga ba ta jiƙe-jiƙe. Nawa aka ɓata zumunci a kan zargin da hoton ciki ɗaya zai iya warwarewa!

Ya 'yan'uwa, addininmu bai bar wannan a duhu ba. Fatima bint Abi Hubaish ta zo wurin Manzon Allah (SAW) ta ce jini ba ya yanke mata, ko ta bar salla? Bai kore ta ba, bai ce rashin kunya ta yi ba. Ya gaya mata wannan jijiya ce ba haila ba, ya koya mata yadda za ta rarrabe kwanakinta ta ci gaba da salla. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. A Ahalari ma da muke karantawa tun muna yara, mai al'ada idan jini ya zarce tana ƙara kwana 3 a kan al'adarta, matuƙar ba ta wuce kwana 15 ba. Abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallarta. Na faɗi wannan ne saboda akwai matan da ke barin salla makonni, zuciyarsu na raya musu cewa Allah Ya yi fushi da su. 'Yar'uwa, bai yi fushi da ke ba. Hadisi ya tabbata cewa babu gajiya ko ciwo ko baƙin ciki da zai sami Musulmi, ko da ƙaya ce ta soke shi, face Allah Ya kankare masa zunubi da shi.

Sai dai mu daina fakewa da "ki yi haƙuri" don mu guje wa kuɗin mota. Annabin da ya koyar da haƙuri shi ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. Maigida, Allah Ya ce maka a Suratun Nisa'i, aya ta 19, ka zauna da su da alheri. Wanda ke sayar da buhun gero don akuya ta yi zawo, ina hujjarsa idan matarsa na zubar da jini shekara da shekaru yana aika yaro kemis?

A fara da asibitin da ke kusa, a auna jininta. Idan sun tura ku gaba, a je: akwai likitocin mata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, a Jigawa kuma akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da na Tarayya a Birnin Kudu. Da hoton ciki ake fara gano cutar, kuma sau da yawa tana haɗuwa da ƙarin mahaifa, don haka likita ne zai bambance. Akwai maganin rage ciwo, da na rage zubar jini, da na ƙarin jini, da wata 'yar roba mai sinadari da ake sawa a mahaifa wadda ke rage jinin sosai. Cire mahaifa shi ne yake raba mace da ita baki ɗaya, amma ba da shi ake farawa ba, kada tsoronsa ya hana ku zuwa.

Kafin ku tafi, ta ƙirga kwanakin da jinin ke ɗauka da yawan ƙunzugun da take canzawa a yini, ko da da ƙullin zare ne. Idan tana jin nauyin magana a gabanka, ka tafi da yayarta ko ƙanwarka, ka jira su a waje.