Su ana ba su dakta a kai, mu namu wuta aka cinna masa

Jiya na shiga wani zaman gabatar da bincike a jami'armu nan Ingila, ɗan ƙaramin ɗaki, hita na ta hura zafi, an jera shayi salam da biskit ɗin nan nasu da ko yaro ba zai ƙosar ba, waje kuma yayyafi tun asuba. Wata baturiya ce ta miƙe, ta rina gashinta shuɗi, wai digirin dakta take yi a kan fanfik. Shi fanfik labari ne da masoyan wani fim ko littafi ke ɗauko jarumansa su ci gaba da su yadda ransu ke so, a haɗa soyayyar da mai labarin bai haɗa ba, a tashi wanda ya kashe. Yawanci mata ke rubutawa kuma ko sisi ba a biyansu.

Wallahi na ɗauka dariya za a yi. Ina! Farfesoshi da furfurarsu sai rubutu suke. Ta faro daga ƴan mujallun masoyan Star Trek, wani shirin talabijin na Amurka, na 1967, ta biyo ta littattafan da masana Henry Jenkins da Camille Bacon-Smith suka rubuta kan masoyan nan a 1992, har ta zo kan AO3, shafin intanet da ake zuba fanfik, wanda ya ci kyautar adabi ta Hugo a 2019. Maganarta ɗaya ce, an raina abin ne don na mata ne. Wata baƙar fata dai ta ɗaga hannu ta ce to ai jaruman da ake ta rububin yawanci maza ne farare, ina ƴancin matan yake? Ita ma tana da gaskiya, ba komai nasu ne daidai ba.

Ni kam hankalina ya riga ya tafi gida. Bulala nawa na sha a sakandare kan littafin soyayya da na ɓoye cikin na lissafi. Su Balaraba Ramat sun yi shekaru suna rubutu kan kishiya da auren dole, aka ce adabin kasuwar Kano ne, a 2007 har ƙona littattafan aka yi a Kano gaban gwamna. Eh su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun tsaya musu, amma mutum nawa ne?

Abin da ya ƙona min rai shi ne wajen shan shayi baturiyar nan ta tambaye ni cikin tausayi wai a wajenmu ana barin mata su yi rubutu kuwa? Haba baiwar Allah. Ƙanwata ma tana goyo tana tuƙa tuwo take tura shafi talatin na littafinta a WhatsApp, kuma sai kin biya kafin ta sa ki a gurup, ba irin naku na kyauta ba. Ban iya faɗa mata haka ba, murmushi kawai na yi.

Ina komawa ɗaki na kira ƙanwar tawa na ce ta turo min inda aka tsaya. Ta ce Yaya sai kin tura ɗari biyar ɗinki tukuna.