Mai bulimiya ba lallai ya rame ba

Da yawa sun ɗauka mai fama da bulimiya, wata cuta da ta shafi yadda mutum ke cin abinci, sai an gan shi a rame. Galibinsu kuwa jikinsu daidai yake, shi ya sa cutar ke ɓoyuwa shekara da shekaru. Mutum zai ci abinci mai yawan gaske ya kasa tsayawa, sannan tsoron ƙiba ya sa ya cusa yatsa a maƙogwaro ya yi amai, ko ya sha maganin wanke ciki. Don gane ta, a duba haƙoran da suka zaizaye, kumburin gefen muƙamuƙi, da kanta a bayan yatsu. Yawan aman na rage sinadarin potasiyam, har bugun zuciya ya rikice. Faɗa ba ya warkar da cutar. Likitoci kan fara da zaman tattaunawar gyaran tunani da ɗabi'a, wani lokaci su haɗa da fluoxetine, wani maganin ciwon damuwa.