Kofi na Huɗu a Gidan Likita

Tun da labarin ya riga ni isa Jos, kuma an ƙara masa gishiri a hanya har ana cewa wai sau uku na nemi ƙari, na ga ya fi dacewa in rubuta yadda abin ya faru da hannuna. Sau ɗaya na nemi ƙari, kuma ina da shaidu.

Waɗanda suka san mu a nan Winnipeg sun san zaman da Likita yake shiryawa a ɗakin ƙasa na gidansa duk Asabar ɗin ƙarshen wata idan sanyi ya kama, inda kowa yake kawo kwalba ɗaya ta wuskin Kanada, uwargidansa ta zuba a ƙananan kofunan gilashi masu lamba ba tare da an ga kwalbar ba, sannan a shinshina, a kurɓa, kowa ya rubuta abin da yake zato. Shekara biyu ana gayyatata ina noƙewa. Bana na amsa ne saboda ƙanin matata ya faɗa a gaban jama'a cewa ban san bambancin wuski da kananzir ba, ni kuwa jikan mai burkutu ne, wadda idan ta ɗaga murfin tukunya ta shaƙa sau ɗaya za ta gaya maka kwana nawa dawar ta yi a jiƙe. Na ɗauka hanci ma gado ne.

Mako biyu na yi ina bita kamar mai shirin jarrabawa. Na haddace cewa dokar ƙasar ba ta yarda a kira shi wuskin Kanada ba sai ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar katako wadda ba ta wuce lita 700 ba, kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 cikin 100 ba. Na haddace cewa mutanen nan suna kiran kusan kowane wuskinsu da sunan rayi, hatsin nan ɗan'uwan alkama da sha'ir, ko da kuwa mafi yawan abin da ke cikin kwalbar masara ce. Kwalbar da zan kai ma ban zaɓe ta da ka ba: Crown Royal Northern Harvest Rye na saya, wanda ake yi a Gimli, a bakin tafkin Winnipeg, tafiyar kamar awa ɗaya daga gidana, wanda kuma wani marubuci ɗan Ingila ya ba shi kambun wuskin duniya na shekarar 2016 har kantuna suka wayi gari babu ko ɗaya. Lissafina shi ne ko na faɗi sauran huɗun, nawa dai ba zai ɓace mini ba.

Kwalabe biyar ne a daren, an kuma karanta mana sunayensu tun farko: Canadian Club, Forty Creek, Lot No. 40, Alberta Premium irin wanda ake ɗurawa da ƙarfinsa na ganga, sai nawa. Kofi na ɗaya da na biyu na wuce su lafiya ta hanyar yin shiru da gyaɗa kai duk lokacin da Likita ya gyaɗa nasa. Da aka zo na uku, sai na ga kowa yana ɗiga masa ruwa da ƙaramin cokali, ɗigo biyu ko uku, yana jujjuyawa yana jira. A raina na ce wannan ragwanci ne irin na mutanen da ba su taɓa zama a gindin tukunya ba. Na ɗaga kofin na juye shi gaba ɗaya.

Alberta Premium ne, na birnin Calgary, wanda ƙarfinsa ya haura kashi 60 cikin 100. Ban yi tari ba, kuma ina so a rubuta mini wannan a cikin abubuwan kirki, amma na ji kamar an zura mini garwashi daga harshe har cibiya, hancina ya toshe, idanuna suka kawo ruwa, kunnena na hagu ya ɗauki wata ƙara irin ta tsohon rediyo. Na cire tabarau na ajiye domin in share hawaye da gefen riga, ina murmushi don kada a gane. A daidai lokacin ne Likita ya ce a ɗauki na huɗu, na kuwa miƙa hannu, ba tabarau, na ɗauki kofin da ya fi kusa da ni.

Na kai shi hanci ban ji komai ba, sai wani ƙamshi can nesa kamar na biredin da aka gasa a gidan maƙwabta. Na kurɓa, sai na ji sanyi da laushi sun sauka a kan ƙunar da na uku ya bari, irin jin daɗin da mai tafiya a rana yake yi idan ya shiga zaure. A take zuciyata ta yanke hukunci cewa abin da ya yi wa maƙogwarona wannan alheri ba zai zama komai ba sai gwarzon duniya, wato kwalbata. Ƙa'idar zaman ita ce a rubuta a takarda a yi shiru har ƙarshe. Ni na miƙe tsaye.

Na ce musu, "'Yan'uwa, ku ajiye alƙalumanku, domin wannan ba ya bukatar zato." Na ɗaga kofin wajen fitila na nuna musu launinsa, wanda ko ba tabarau na lura ya fi sauran haske ƙwarai, na bayyana cewa haka abu mai daraja yake, ba ya cika ido da kala. Na ce kashi 90 cikin 100 na hatsinsa rayi ne, amma an sarrafa shi da gwaninta har yajin ya kwanta, sai wanda ya gaji hanci ne zai ji shi yana motsi a ƙasa. Daga nan na shiga tarihi, domin na riga na biya kuɗin haddarsa da barcina: yadda Samuel Bronfman na kamfanin Seagram ya fito da Crown Royal a 1939 don ziyarar Sarki George na Shida da Sarauniya Elizabeth, da yadda aka sa kwalbar a jaka mai launin shuni irin na sarauta. Na sake kurɓa, na lumshe ido, na bar shi ya zagaya bakina kamar yadda na ga Likita yana yi, na ce ina jin tuffa, ina jin kanumfari, ina jin zuma kaɗan. Ba na jin ko ɗaya daga cikinsu, amma na karanta cewa ana ji.

Ɗakin ya yi tsit, na kuwa fassara shirun da girmamawa. Ƙanin matata ne ya fara magana, da wata murya mai ladabi wadda ban taɓa jin sa da ita ba tun ranar da na je neman auren yayarsa. Ya ce, "Yaya, ka ƙara mana ilimi. Bayan an haɗiye fa, yana daɗewa a maƙogwaro?" Na ce masa wannan tambayar mai hankali ce, kuma a nan ne asirin yake, domin wuski na gari kamar baƙo ne mai tarbiyya, yana gaisawa ya tashi, ba ya zama har a shimfiɗa masa tabarma. Ya ce, "Ƙarfinsa fa, Yaya?" Na ce kashi 45 ne cif, amma ba za ka taɓa sani ba, sai ka rantse ruwa kake sha. Wallahi haka na faɗa, da bakina. Sannan na rufe jawabin da cewa idan mutum ya natsu zai ji ruwan tafkin Winnipeg kansa a ciki, da iskar Gimli, na shanye sauran, na miƙa wa uwargidan Likita kofin da hannu biyu na ce a taimaka a ƙara mini ko kaɗan ne.

Ta karɓi kofin ta juya shi tana neman lamba, babu lamba. Ta dubi gefen gwiwar hannuna, inda kofi mai lamba huɗu yake zaune cike, ba a taɓa shi ba, kusa da tabarau ɗina. Mace ce mai kunya, ta yi iya ƙoƙarinta ta rage murya, amma ɗakin ƙasa ba ya ɓoye magana. Ta ce, "Yallabai, ka yi haƙuri, wannan ai ruwan da nake ɗauraye ma'aunin ne bayan kowace kwalba. Na ajiye ne in zubar."

Ba zan bayyana dariyar ba, sai dai in ce Likita, mutumin da yake shiga ɗakin tiyata ba ya ko ƙifta ido, ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa, ƙanin matata kuwa ya fita waje cikin dusar ƙanƙara ba riga mai kauri, muna jiyo shi ta taga. Shi ban riƙe shi da komai ba, domin abokin wasana ne, kuma da ni na same shi a wannan hali da na yi masa tambaya biyar maimakon biyu. Na tattara sauran mutuncin da ya rage mini, na mayar da tabarau, na ce to ai ga shi nan, ban yi ƙarya ba, na ce na ji ruwan tafkin Winnipeg, ruwan kuwa shi na sha. Maganar ta fara karɓuwa, har Likita ya ɗaga hannu daga ƙasa alamar ya ba ni wannan.

Sai Injiniya ya gyara murya. Shi bai yi dariya ba tun farko, yana zaune daidai gabana da littafinsa mai baƙin bango. Ya ce, cikin natsuwa, ruwan famfon birnin Winnipeg ba daga tafkin Winnipeg yake zuwa ba, daga tafkin Shoal yake, can kan iyakar Manitoba da Ontario, ta wata magudanar da aka kammala a 1919 mai tsawon fiye da kilomita 130, kuma ruwan da kansa yake gangarowa. Ya ce ya ga ya kamata a gyara ne don kada wani ya fita da bayanin da ba daidai ba.

A kan wannan mutumin nake so in tsaya, domin shi ne ainihin abin da ya hana ni barci. Mutum ya faɗi a rijiya, ya kamo wata 'yar saiwa yana lilo, kai kuma ka zo da almakashi don saiwar ba a wurinta ta tsiro ba. Injiniya yana kallona tun lokacin da hannuna ya wuce kofi na huɗu ya kama na ɗauraya, shi da kansa ya faɗa daga baya, ya kuma ce bai tsayar da ni ba ne saboda yana so ya ga inda bayanin zai ƙare. Duk abin da na faɗa ya rubuta shi a littafin nan, har da baƙo mai tarbiyya, ya ja layi a ƙarƙashi. Wannan shi ne mutumin da ya taɓa tsayar da cin abinci na minti ashirin a gidana don ya bayyana mana dokar da ta yarda a haɗa wa wuskin Kanada wata barasar ko ruwan inabi har kashi 9.09 cikin 100, ya kuma ƙi yarda a ce kashi tara don a taƙaita. Shi ne kuma wanda duk lokacin da aka ambaci Canadian Club sai ya tuna mana cewa Hiram Walker ya kafa masana'antarsa a 1858 a gefen Windsor, tsallaken kogi daga Detroit, da yadda kwalabe suka riƙa haye kogin a shekarun da Amurka ta haramta giya, daga 1920 zuwa 1933, kamar shi ya tuƙa kwalekwalen. Duk da wannan ilimi, da aka buɗe sakamako biyu kacal ya ci cikin biyar, ɗaya daga ciki kuma kwalbar da shi ya kawo ce, wadda nake da yaƙinin ya yi mako guda yana shinshinarta a gareji. Babu wanda ya ja layi a ƙarƙashin wannan.

Kofi na huɗu na gaskiya Lot No. 40 ne, wanda ake yi da rayi zalla a tukunyar tagulla a Windsor, an ce kuma yana da yaji mai daɗi, amma harshena bai dawo aiki ba sai ranar Litinin. Kwalbata ita ce ta ɗaya. Da aka karɓi takardu ana karantawa, sai ga abin da na rubuta a ƙarƙashin lamba ɗaya da rubutuna mai kyau: "Ba yabo ba fallasa. Wanda ya kawo wannan ya yi tsimin kuɗi." Injiniya ne ya karanta, ya kuma tambaye ni nawa na saya.

Ƙarfe goma Malam ya zo ɗaukarmu kamar yadda ya saba, ya tsaya a mota da filas ɗin shayinsa, tun da shi ba ya shiga inda ake wannan zama. Kafin mu kai fitilar farko ƙanin matata ya gama ba shi labari, da muryata da komai. Malam ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya dube ni ta madubi ya ce, "Ashe yau ni da kai kusan abu ɗaya muka sha." Na ce masa na sha na uku ai, ya ce ya ga alama.

Sai da na shiga gida na tuna na bar jakar nan mai launin shuni a kan teburin Likita, wadda na yi wa 'yata alkawarinta don ta zuba duwatsun kitsonta. Na buga waya washegari, uwargidan Likita ta ce Injiniya ya tafi da ita, wai zai zuba ƙusoshi. Na aika masa saƙo sau biyu. Ya amsa na biyun da cewa launin ba shuni ba ne sosai, ya fi kusa da ruwan makuba, kuma zai duba.