A tura ɗalibin tauhidi ƙauye kafin a naɗa shi fasto

'Yan'uwa, akwai wani matashi ɗan yankinmu na kudancin Kano da ke karatu a makarantar tauhidi ta Bronnum, ta ikilisiyar Lutheran, da ke Mbamba, kusa da Yola, kuma da lokacin fitarsa aikin gwaji ya ƙarato, sai na ji iyayensa suna addu'a Allah ya sa a tura shi babbar majami'a a birni. Na fahimci damuwarsu, amma ra'ayina ya saɓa da nasu, domin ina ganin ɗalibin da bai zauna da ƙaramar ikilisiyar ƙauye ba, da sauransa a karatu.

Tarihin ikilisiyar Lutheran kanta yana goyon bayan wannan magana. Lokacin da Martin Luther, wanda ikilisiyar ta samo sunanta daga gare shi, ya zagaya ƙauyukan Saksoni a ƙasar Jamus a 1528, ya tarar da jama'a da yawa ba su iya Addu'ar Ubangiji ba, ba su san Dokoki Goma ba, har wasu limaman ma ba su iya koyarwa ba. Abin da ya gani ne ya sa ya rubuta Ƙaramin Katakizim, ɗan littafin koyar da bangaskiya ta hanyar tambaya da amsa, a 1529, domin magidanci ya riƙa koyar da iyalinsa a gida. Haka nan Dakta Niels Bronnum, ɗan ƙasar Denmak, da ya isa Numan a 1913, da jinyar marasa lafiya da koyon harshen Bachama ya fara, kuma daga nan ne LCCN, wato Ikilisiyar Lutheran ta Kristi a Najeriya, ta tsiro, ikilisiyar da Akbishop ɗinta, Musa Panti Filibus, ya zama shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya a 2017.

A birni ɗalibi yakan ɓace a cikin fastoci da dattawa masu yawa, a ba shi karanta sanarwa ko kula da matasa, ya gama wa'adinsa bai taɓa tsayawa shi kaɗai a gidan makoki ba. A ƙauyukanmu kuwa, inda yawancin masu bi asalinsu Maguzawa ne, kuma gida ɗaya kan haɗa Kirista da Musulmi, zai yi wa'azi da Hausar da tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta gane, zai koyar da ajin baftisma, zai koyi cewa da damina ba a kiran taro da hantsi domin kowa yana gona. Zai kuma koyi zuwa gaida mai gari da limamin masallaci, da halartar suna da ta'aziyyar maƙwabta, abin da ba a iya gwada shi a takardar jarrabawa.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne nake kira ga shugabanni. Ɗalibi ba fasto ba ne tukuna; Shaidar Bangaskiya ta Augsburg ta 1530, takardar da ta bayyana koyarwar Lutheran, ta nuna cewa koyarwa a fili da ba da Jibin Ubangiji sai da kira bisa ƙa'ida. Saboda haka bai dace a ajiye yaro a ƙauye don kawai ikilisiyar ba ta da ƙarfin biyan fasto, sannan a manta da shi ba. Dole ne a ɗora shi a hannun gogaggen fasto wanda zai riƙa zuwa yana sauraron wa'azinsa, yana yi masa gyara a keɓe, kuma ya rubuta wa makaranta rahoton gaskiya, ba na jin kunyar iyaye ba. Mu ma jama'ar ƙauye da namu nauyin: ɗakin da ba ya yoyo, gero ko dawa daga baikon godiyar kaka, da kuɗin motar da zai mayar da shi Yola idan wa'adinsa ya cika.