Ban Yafe Ba, Kowa Ya Ji

Tunda labarin ya riga ni isowa Garwa, har yaran shago suna sunkuyar da kai in na shigo don kada in ga haƙoransu, gara ku ji daga bakina.

Hutun Disamba ne. Maman Abba ta kafe sai an kai yara Yawunde su gaida kakarsu a unguwar Birketeri, su kuma ga wurin wasan nan da ake kafawa ƙarshen shekara, mai lilo iri-iri da fitilu. Bas zuwa Ngawundare, daga nan jirgin ƙasa na dare, kilomita 600 da 'yan kai, Auta yana kuka, Abba yana neman a saya masa duk abin da aka miƙo ta taga. Muka isa lafiya. Wannan duk ba shi ne zancen ba.

Zancen shi ne Ɗan Faransa. Kun san shi, ƙanin Maman Abba ne. 'Yan watanni ya yi a can kafin takardunsa su ƙare a rako shi har bakin jirgi, amma har yau ko kunu aka ba shi sai ya faɗi yadda ake shansa a Faris. Tun daga bakin ƙofa ya fara: "Yaya, wannan ai ba komai ba ne. Da Disneyland ta Faris ka gani! Tun 1992 aka buɗe ta, sai ka wuni kana yawo ba ka ga rabi ba." Ya nuna ƙaton lilon nan mai zagayawa sama da kujeru a rataye, ya ce wani injiniya Ba'amurke mai suna Ferris ne ya ƙera na farko a Shikago a 1893. Mutum ya riƙe 1893 a kansa, amma ya manta ranar da ya shigo shagona ya karɓi sefa dubu 85 da sunan sati biyu. Azumi biyu ke nan aka yi.

Ni da ma rakiya na je yi. Aikin babba a irin wurin nan sananne ne: ka biya kuɗin shiga, ka biya na kowane lilo daban, ka riƙe jakar uwargida da takalman yara, ka tsaya a rana kana ɗaga hannu duk lokacin da ɗanka ya zagayo. Na yarda da wannan rabon. Sai muka zo wajen jirgin ruwan nan da ke rataye a ƙarfe, wanda ke lilo gaba da baya. Na yanki tikiti na kowa har da Auta. A bakin matakala akwai sanda da ake gwada tsayin yara, Auta ya tsaya, ya yi ɗage, bai kai ba. Na koma wajen mai tikiti, ta ce ba a mayar da kuɗi. To ni ɗan kasuwa ne. Tikitin da aka biya ba zai mutu a hannuna ina kallo ba.

Ɗan Faransa ya ce, "Yaya, ka wuce can ƙarshe, nan ne wurin manya." Har da kaɗe min kujera. Shi kuma ya zauna a tsakiya kusa da yayarsa. Daga baya ne na gane cewa kujerar ƙarshe ita ta fi kowacce tashi sama, ta tsakiya kuwa da sauƙi. Ya sani sarai.

Kafin a tayar na leƙa ƙasa. Sana'ata taya ce, don haka nan da nan idona ya faɗa kan abin da ke tura jirgin: taya ce irin ta mota, inji yana juya ta, duk sanda jirgin ya zo wucewa sai ta shafi cikinsa ta ƙara masa ƙarfi. Ke nan ran mutum kusan talatin yana kan taya ɗaya. Na tsaya duba ko zanenta ya cinye, yaron ya sauko mana da ƙarfe a kan cinya, ƙaras.

Na farko da na biyu lafiya lau, har na ɗaga wa Auta hannu. Na uku na ji hanjina ya ɗan yi gaisuwa. A na biyar iska ta shiga babbar rigata ta ƙasa, shadda ce mai sitaci, ta kumbura ta tashi ta rufe min fuska. Hannuwana biyu suna kan ƙarfe, ba wanda zan iya saki in janye ta. Ina cikin duhu, sai in ji an ɗaga ni har bayana ya rabu da kujera, a tsaya cak na ɗan lokaci, cikina ya taso wuya, sannan a sako ni. Hula ta tafi, ban san lokacin ba. Na fara da salati a hankali irin na dattawa. Na koma Innalillahi da ƙarfi. Na kira sunan Inna, wadda ta rasu tun ina saurayi. Can na ji yaron injin yana tambaya a lasifika da Faransanci wai a ƙara? Yara suka amsa da ihu, kuma muryar da ta fi kowacce tashi ta Abba ce, ɗan da na haifa, na biya masa kuɗin makaranta.

Aka ƙara. Rigar ta ɗan zame, ido ɗaya ya fito, na ga tuddan Yawunde a inda sama ya kamata ta kasance. A nan ne na sallama. Na tuna wa'azin da ake mana cewa mutum ya rabu da mutane lafiya. Sai bakina ya buɗe da kansa, na ce, "Na yafe wa kowa! Duk wanda nake bi na yafe! A tsayar!"

Daga tsakiyar jirgi, cikin wannan rugugi, na ji murya tsaf: "Mun gode, Yaya! Allah ya saka da alheri! Anti, kin dai ji ko?"

Da aka tsaya kowa ya sauka da ƙafarsa. Ni sai da yaron injin da wani bawan Allah suka kama ni, suka zaunar da ni a ƙasa gefen mai gasa masara. Wata mata ta miƙo min ruwan leda, tana ce min "Papa, Papa" tana min fifita da kwalin biskit. Ban fi ta shekaru ba fa. Maman Abba ta zo, na ɗauka sannu za ta yi, sai ta ce, "Alhaji, akwai canji a aljihunka? Zan sake hawa." Ta sake hawa kuwa, kuma a kujerar ƙarshe, mayafinta ko motsi bai yi ba.

'Yar Kawu da ke aikin jinya ta yi min bayani da dare. Wai akwai wani ruwa a can cikin kunne mai gaya wa ƙwaƙwalwa inda mutum ya karkata, to in abin da kunne ke ji ya saɓa da abin da ido ke gani sai jiri da tashin zuciya su taso, ni kuma da riga ta rufe min ido abin ya haɗu min biyu. Na ce to ruwan kunnen ne ya yafe bashi, ba ni ba.

A kan wannan aka raba dare a ƙofar gidan Kawu, ana cin tsiren Birketeri, wanda ni na biya. Ɗan Faransa ya ce yana da shaidu, ga kuma bidiyo, don ashe duk wannan bala'in wayarsa tana hannu. Ya kunna. Ba a ganin fuskata, sai farar riga a kumbure da ƙafafu biyu, amma muryar tawa ce, ba musu. Aka ce a tambayi Malam na masallacin layin. Malam ya kalla sau biyu, kafaɗarsa tana rawa, sannan ya ce, "Alhaji, tambaya ɗaya ce. Lokacin da ka faɗi haka, kana cikin hayyacinka?"

Ku duba min wannan tarko. In na ce ina ciki, dubu 85 sun tafi. In na ce ba na ciki, na amsa a gaban surukai cewa lilon yara ya fitar da ni daga hankalina. Na ce zan yi tunani. Har yanzu ina yi.

Abin da ya fi ci min rai ma ba kuɗin ba ne, yadda yake gaishe ni yanzu ne. Da can in ya hango ni sai ya canza hanya. Yanzu har shago yake zuwa, ya durƙusa, ya ce, "Yaya mai yafiya, an tashi lafiya?" Ya tura bidiyon a zauren WhatsApp na dangi, daga nan ya faɗa na 'yan kasuwa. Direbobi biyu da suka ɗauki taya bashi sun aiko da godiya, ɗaya daga Marwa. Wani ma da ban tuna ina binsa ba ya zo ya yi min addu'a.

Don haka ina sanarwa a nan: littafin bashi yana nan yadda yake, ba a goge ko layi ɗaya ba. Maganar da aka yi ƙafa tana sama ba magana ba ce.

Shi kuma jiya ya sake zuwa, wai akwai tayar babur guda biyu da yake so, zai kawo kuɗin ƙarshen wata. Na ce ya dawo Alhamis.