Tsoron kwaminisanci da kisan Lumumba

Wani marubuci da na karanta ya ce tsoron yaɗuwar kwaminisanci ne ya juya siyasar wajen Amurka a Yaƙin Cacar Baka, amma ya tsallake Kwango. A 1960 lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle daga Kwango da ɗaurin gindin Beljiyam. Firayim Ministan Kwango, Patrice Lumumba, ya roƙi Majalisar Ɗinkin Duniya ta murƙushe tawayen, ta ƙi, sai ya waiwayi Tarayyar Sobiyet. Shi ke nan aka shafa masa baƙin fenti cewa ɗan kwaminisanci ne. CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, har guba ta tanada masa. Ranar 17 ga Janairu 1961 aka harbe shi, aka narkar da gawarsa a asid. Wallahi abin yana min ciwo. Haƙorinsa guda ɗaya Beljiyam ta mayar wa iyalansa a 2022. Mobutu kuwa, hafsan sojan da ya ƙwace mulkin Kwango daga baya, don yana adawa da kwaminisanci Amurka ta mara masa baya, sai da ya shekara 32 yana wawure dukiyar ƙasar.