Tozo ya tashi, hantsa na ƙasa

A wani ƙauye arewa da Gumel, inda kwalta ta ƙare yashi ya karɓa, akwai wani Alhaji mai fataucin riɗi da zoɓo. Yana da Hilux ƙirar 2010, duk Alhamis yana kai kaya kasuwar Maigatari. Manyan motoci sun haƙe gefe biyu na hanyar sun bar doro a tsakiya, in motar Alhaji ta zo sai cikinta ya hau doron, tayoyi su yi ta juyi a banza. Shi kuwa irin mutanen nan ne da in naira ta shiga aljihunsu ta yi ban kwana da hasken rana. Wata Talata da hantsi, ga shi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida shi da ɗan ƙanwarsa da ya zo hutu daga Dutse.

ALHAJI: Kai Ɗanboko, buɗe kwalin nan mu gani. Tun daga Ƙofar Ruwa nake rungume da shi kamar jinjiri.

ƊANBOKO: Kawu, kaya sun cika. Ga sifirin naɗaɗɗu biyu na gaba, ga shakazoba huɗu, ga fallayen sifirin na baya, ga lanƙwasassun ƙarafan da ke rungume aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya. A jikin kwalin an rubuta Ostareliya, za su ƙara wa mota tsawo inci 2.

ALHAJI: Inci 2 nawa ke nan da Hausa?

ƊANBOKO: Santimita 5.

ALHAJI: Da Hausa na ce.

ƊANBOKO: Yatsu uku in an jera.

ALHAJI: Yatsu uku! Kuɗin ɗan maraƙi na zube a kan yatsu uku? To ai shi ke nan. Shi kuma wancan Bakaniken wai sai na ba shi dubu 40 kafin ya ɗaura. Noti ne fa, a kwance a mayar.

ƊANBOKO: Bar shi, Kawu. Na kalla a YouTube. Baturen cikin minti 12 ya gama, ko rigarsa ba ta ɓaci ba.

Ana cikin haka sai ga Bakanike a kan babur. Ya ga kwali, ya ga sifana biyu a kan tabarma, sai ya kashe babur ya nemi benci ya zauna.

BAKANIKE: Salamu alaikum. Alhaji, an buɗe gareji ne ba a gayyace mu walima ba?

ALHAJI: Wa alaikumus salam. Wuce abinka, Injiniya, yau ba ma buƙatarka.

BAKANIKE: Ai ba aiki na zo ba, kallo na zo. Kallo kyauta ne. Samari, ka sa waigi a tayoyin baya?

ƊANBOKO: Baturen bai sa ba.

BAKANIKE: Baturen a kan siminti yake, kai a kan yashi kake. Dubi jak ɗinka.

Jak kuwa Ɗanboko na bugawa, maimakon mota ta hau sama, shi ne yake nutsewa ƙasa.

BAKANIKE: A sa masa katako mai faɗi a ƙasa. Kuma jak ɗagawa yake yi, ba ya riƙo. Mota ta kusa tan 2, ba a shiga ƙarƙashinta sai an tokare shasi da ƙafafun ƙarfe. Ina da su, haya dubu 5.

ALHAJI: Dubu 5 don tokari? Kai yaro, shiga gida ka ce wa Hajiya ta ba da turmi.

HAJIYA (daga bayan ƙyauren soro): Alhaji, turmin da Inna ta kawo ni da shi? Gero fa na jiƙa.

ALHAJI: Yanzu za a dawo da shi. Minti 12 ne.

BAKANIKE: Kuɗin aikina ya koma dubu 45.

ALHAJI: Wa ya tambaye ka?

BAKANIKE: Babu. Ina dai faɗa ne saboda shaidu.

Minti 12 ɗin nan sai da aka kira azahar ana fama da noti guda da tsatsa ta cinye. Aka zuba baƙin mai, aka zura bututu a sifana, Alhaji da kansa ya hau bututun ya yi lilo, sannan ya kwance. Daga ƙarshe aka zaro shakazobar gaba da sifirin naɗe a jikinta, aka kwantar a tabarma.

ƊANBOKO: Kawu, an samu 'yar matsala. Data ta ƙare.

ALHAJI: A minti na nawa?

ƊANBOKO: Na 7. Daidai inda Baturen ya ɗaga yatsa zai yi gargaɗi.

ALHAJI: Gargaɗin me? Noti ɗaya ya rage, ga shi nan a tsakiya. Kwance shi.

Bakanike ya miƙe, ya ɗauki bencinsa, ya koma bayan darbejiya.

BAKANIKE: Samari, in kana son ka koma makaranta da haƙoranka, kar ka taɓa notin tsakiya. Sifirin ɗin nan a danne yake, shi ke ɗauke da nauyin inji. Notin nan kaɗai ke riƙe da shi. Sai an kama shi da ƙarfen matsi ta gefe biyu sannan a kwance. Da tsohuwar Hilux ce mai doguwar sandar ƙarfe a gaba, noti kawai za a ɗaure ta ɗan tashi. Daga 2005 suka koma wannan naɗaɗɗen, shi kuma ba ya wasa da yara.

ALHAJI: Tsoratarwa ce ta masu sana'a. Haka wanzami yake cewa kowa na da beli. Kwance!

Ɗanboko ya juya sau uku. A na huɗu aka ji wata ƙara kamar an harba bindigar toka. Hular Alhaji ta yi gabas, kaji suka yi yamma, sifirin kuwa ya tsallake dangar maƙwabci ya nufi burtali. Allah ya kiyaye, bakin abin ba mutum yake kallo ba.

BAKANIKE (daga bayan bishiya): Dubu 55.

Ba a jima ba sai ga Bafulatani, sanda a kafaɗa, sifirin a hannu.

BAFULATANI: Salamu alaikum. Wane ne ya jefi saniyata da munduwar aljanu?

ALHAJI: Jauro, yi haƙuri, tsautsayi ne. Ta ji ciwo?

BAFULATANI: Bai same ta ba, amma aradu ta tsorata, yau ba nono. Me kuke yi wa motar?

ƊANBOKO: Ƙara mata tsawo muke yi, Baffa, don ta daina kafewa.

BAFULATANI: Ayya. To ni kuma shanuna su ci me? Sau biyu bana suna jawo motar nan daga hanyar Maigatari, dubu uku-uku. Bari in zauna in ga yadda za a kashe mini kasuwa.

Ya zauna kusa da Bakanike. 'Yan kallo suka zama biyu, ban da yaran unguwa. A nan Alhaji ya sauko, ba don ya yarda ya yi kuskure ba, sai don gobe Laraba jibi kasuwa. Aka yi ciniki, Bakanike ya ɗauko ƙarfen matsi da ƙafafun tokari. Kafin a kai ga sa su, turmin Hajiya ya ce ƙaƙas, ya rabe biyu kamar an fasa goro.

HAJIYA: Ƙarar me na ji?

ALHAJI: Ba komai, ƙarfe ne.

HAJIYA: Shekara 30 ina daka a turmin nan, na san muryarsa.

Sauran aikin ya ci yammacin Talata da Laraba sukutum. Ɗanboko aka mayar ɗan miƙo sifana, amma bai fasa kawo ra'ayi ba.

ƊANBOKO: Oga, na ɗaure notinan baya tamau, ko giwa ba ta kwance su.

BAKANIKE: Sassauta su. Duk inda roba take a mahaɗa, ba a ɗaure shi mota na rataye. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi. In ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, kafin kaka ta yage. Sannan zo ka taɓa tiyon birkin nan.

ƊANBOKO: Ya yi tsai kamar tsirkiyar goge.

BAKANIKE: To in taya ta faɗa rami aksul ya sauka, me zai faru?

ƊANBOKO: Zai tsinke.

BAKANIKE: Man birki ya tsiyaye, Alhaji ya shiga Maigatari ba sallama, ya zarce Nijar ba fasfo. Sai an sauko da mariƙinsa ko a sa mai tsawo. Ƙarafan da ke rungume aksul kuma, in an yi tafiya kasuwa ɗaya ko biyu a dawo a ƙara ɗaure su, suna saki.

Da la'asar ɗin Laraba aka sauke mota. Gaskiya ta yi kyau, ta tsaya ƙiƙam kamar ingarman hawan sallah. Alhaji ya zagaya ta sau uku yana shafa gemu.

ALHAJI: Jauro, ka gani? Je ka gaya wa shanunka sun yi ritaya.

Bafulatani bai ce komai ba. Ya durƙusa a bayan mota, ya zura sandarsa ƙarƙashin tulun ƙarfen nan da ke tsakiyar aksul, ya auna da hannu.

BAFULATANI: Alhaji, ran da muka jawo ka, wannan tulun ne ya hau doro. Ni na tone shi da hannuna. A ranar tsakaninsa da ƙasa taƙi ɗaya ne. Yau ma taƙi ɗaya.

ALHAJI: Ƙarya ne, sandarka ce ta ƙara tsawo.

BAFULATANI: Aradu tozo ne ya tashi, hantsa tana nan inda take.

ALHAJI: Injiniya, me wannan mutumin yake faɗa?

BAKANIKE: Gaskiya yake faɗa, ranka ya daɗe. Aksul na baya a kan tayoyi yake zaune, sifirin kuma a kan aksul. Duk abin da ka ƙara wa sifirin, na samansa yake ɗagawa: shasi, bodi, inji, kai kanka. Gaban ya tashi da gaske, don tulun gaba a jikin shasi yake. Za ka shiga kwari hanci bai daki ƙasa ba, in ka yi lodi baya ba zai durƙusa kamar da ba. Amma tulun baya, taya kaɗai ke ɗaga shi.

ALHAJI: To me ya hana ka faɗa tun farko?

BAKANIKE: Kuɗin ɗaurawa ka tambaye ni, ba ka tambaye ni ko zai yi magani ba.

ALHAJI: Tayar nawa ce?

BAKANIKE: Huɗu ne, biyar da safaya. Kuma in taya ta fi ta da tsawo da inci 2, inci 1 tulun zai tashi, don rabi ne ke ƙasa.

ƊANBOKO: Yatsa ɗaya da rabi, Kawu.

ALHAJI: Rufe mini baki.

BAKANIKE: Sannan maleji zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi, mai kuma za ta ƙara sha. Kafin nan ma sai an kai ta birni an saita ƙafafun gaba, in ba haka ba ta cinye tayoyin ta gefe ɗaya. A saita fitilu, kar ka riƙa haska kan bishiya kana kashe wa mutane ido. In ka jibga riɗi har sama kuma, ka sha kwana a hankali, doguwa ta fi gajeruwa saurin kifewa.

BAFULATANI: Jibi da wane lokaci za ka bi hanyar, Alhaji? Don in shayar da shanun da wuri.

ALHAJI: Gobe ne kasuwar, ba jibi ba.

BAFULATANI: Na sani. Gobe za ka kafe, jibi za ka yarda ka biya.

Alhaji ya fizgi makulli ya ce a bar shi ya shigar da motarsa rumfa. Ya ja a hankali, sai ƙarfen lodin da ke saman mota ya ce gau da azarar rumfa, kwano ya yi ƙugi, ƙura ta zubo.

ƊANBOKO: Saura yatsu biyu ta shige, Kawu.

BAKANIKE: A sace iskar tayoyi, za ta shiga.

BAFULATANI: Wato an ɗaga shi da kuɗin maraƙi, za a sauke shi da tsinke.

Sai ga Hajiya ta fito da lulluɓi, rabin turmi a kowane hannu. Ta ajiye su gaban Alhaji, ta dubi mota, ta buɗe ƙofa, ta ɗaga ƙafa. Zani ya ce bai san zancen ba. Ta sake gwadawa, ta haƙura.

HAJIYA: Alhaji, ranar Asabar fa akwai suna a Gumel, kai ka ce za ka kai mu.

ALHAJI: Za a kai ku.

HAJIYA: To in ka je Maigatari ka sayo turmi biyu.

ALHAJI: Ɗaya aka fasa.

HAJIYA: Ɗaya na daka, ɗaya na hawa mota.